Kujerar da Ba Ta da Ƙofa

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa duk faɗin Wudil ni kaɗai ne mutumin da ya taɓa nutsar da mota tun ba a saye ta ba. Har na ji wata a cikinku tana ba ƙawayenta labarin a tsakar gida, ta zuba masa gishiri son ranta, wai sai da aka kirawo masunta suka jefa mini taru. To ba a jefa mini taru ba. Tun da Allah ya sa na yi firamare har aji huɗu kafin mahaifina ya ce bokon ya isa haka, hannuna yana iya riƙe biro, kuma ba zan bar tarihina a bakin yara ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini da jan biro.

A shekarar da nake magana a kanta gidan nan ya cika. Abba, babban ɗana, wanda na sa wa sunan mahaifina shi ya sa ba na iya kiran sunansa na yanka, ya samu ƙarin girma a wurin aikinsa a Kano, yana zuwa yana dawowa kullum. Matarsa tana koyarwa a nan cikin gari. 'Ya'yansu biyu a lokacin, Khalifa da ƙanwarsa Nana, ita ko makaranta ba ta daɗe da shiga ba. Ga Hajiya matata, ga ƙannen Abba mata da ba su yi aure ba tukuna. Duk sanda aka yi biki ko rasuwa a Lajawa, garin su Hajiya, sai mu rarrabu, wasu a tsohuwar motar Abba, wasu a ta haya, wasu su biyo baya a babur su iso an gama addu'a. Hajiya ta daɗe tana cewa ita dai burinta ta ga ranar da za ta shiga garinsu da zuriyarta duka a mota ɗaya, danginta su fito su gani. Abba yaro ne mai jin maganar uwarsa fiye da ta ubansa, wannan kowa ya sani. Sai ga shi wata Asabar da damina ya shigo layinmu da wata baƙar jif 'yar Kwatano, doguwa har ta tare ƙofar maƙwabci, tare da dillalinta, wani siririn mutum mai suna Sanusi wanda bakinsa bai huta ba tun da ya fito har ya gama gaishe ni.

Abba ya ce bai biya ba tukuna. Bakanikensa ya duba inji da giya da ƙasanta, ya ce lafiya lau, amma yana so in gani in sa albarka. Ni kuwa ba a kawo mini abu in sa albarka ido rufe. Na kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya. Na zagaya ta, na harbi tayoyin da ƙafa kamar yadda na ga masana suna yi, ko da yake har yau ban san abin da suke ji ba in sun harba. Na leƙa injin na gyaɗa kai. Na shinshina kujerun. Sanusi yana biye da ni yana cewa tayoyinta huɗu duk ja suke, ba ta san yashi ba, ba ta san taɓo ba, wani babban mutum ne ya hau ta a ƙasar waje, daga gida sai ofis. Ya buɗe mini ciki ya nuna mini kujeru layi uku, ya ja wani ƙarfe a gefen kujerar tsakiya, ta durƙusa gaba, hanyar shiga layin baya ta buɗe. Nan ne lissafin ɗan aji huɗu ya tashi. Layi uku, ƙofa huɗu. Na gaba suna da tasu, na tsakiya suna da tasu. Na baya kuwa sai abin da na tsakiya suka ga dama.

Na tambayi Abba wa zai zauna a can. Ya ce yara mana, ai don su aka yi wurin, babba ƙafarsa ba za ta sake ba.

Kafin ya rufe baki Nana ta riga ta sulale ta shige, ta ce wurinta ne, ba ta yarda kowa ya zauna ba, har da ni mijinta tsoho. Sanusi ya mayar da kujerar tsakiya ta yi ƙas, ya rufe ƙofa don in ga yadda take tsit a ciki. Na zagaya ta gefe na tsaya daidai ɗan gilashin layin baya. Ƙaramin gilashi ne, ba ya sauka, ba ya buɗewa. Ga Nana a bayansa tana yi mini gwalo, tana magana, bakinta yana motsi, tana buga gilashin da tafin hannu, ni kuma ko ɗigon sautinta ban ji ba. Kowa yana dariya. Ni kaɗai ban yi ba. Na ce a fito da ita. Muryata ta fita da ƙarfin da ban yi niyya ba, har Hajiya ta leƙo daga zaure.

Dole in koma baya kaɗan don ku gane. Mahaifina mai fito ne. Da jirginsa yake ƙetarar da mutanen ƙauyukan hayi ranar kasuwa, su da awakinsu da buhunansu. Kafin a haife ni ya rasa ƙaninsa a sabon jirgi, wanda aka sassaƙa aka zuba wa mutane ranar farko, ya tsage a tsakiyar ruwa. Tun daga nan ya kafa wa kansa doka. Duk sabon jirgi, kafin ɗan Adam ya taka shi, sai ya cika buhuna da yashi, kowane buhu ya ba shi sunan wani a gidanmu, ya jera su yadda mutane za su zauna, ya ɗaure su da igiya don kada su gangara gefe ɗaya, ya ƙetare da su ya dawo shi kaɗai. Ina yaro na sha tsayawa a gaɓa ina kallon buhun da aka ce ni ne yana tafiya tsakiyar kogi har ya dawo. Na taɓa tambayarsa me ya sa sai ya sa musu suna, yashi ai yashi ne. Ya ce in babu suna ba zai tuƙa da tsoro ba, in kuwa bai tuƙa da tsoro ba bai gwada komai ba.

Shi ne na ce wa Abba motar nan ba za ta ɗauki jinina ba sai ta ɗauki yashi. Ya yi murmushin nan nasa na masu digiri, ya ce Baba wannan ai ba jirgi ba ne, Turawan da suka ƙera ta sun gwada ta da na'urori. Na ce Turawan sun gwada ta da nauyin Hajiya? Hajiya ta ce in fita harkarta. Sanusi kuwa, da yake ciniki yake nema, ya ce wallahi Baba ya kawo shawara, shi bai taɓa ganin mai saye mai basira irin wannan ba, a loda mata duk abin da aka ga dama. Yara suka ce za su bi mu. Na ce ko ƙofar gida kada su taka.

Muka gangara bakin kogi, wajen da tifofi suke lodin yashi. Masu ɗiba suka cika mana buhuna suna ƙunshe dariya, ni kuma ina tsaye ina raɗa suna. Wannan Hajiya ce, a ƙara mata shebur biyu. Wannan matar Abba. Waɗannan 'yan matan. Sai ƙanana biyu, rabin buhu rabin buhu, Khalifa da Nana. Na ce ni zan zauna a baya tare da yaran, don in ji da jikina abin da za su ji. Na tattare babbar rigata na durƙusa na shiga kamar mai shiga akurki. Aka miƙo mini Khalifa na zaunar da shi can gefen hagu, Nana a tsakiya kusa da ni. Aka mayar da kujerar tsakiya. Sannan aka jera manyan buhunan a kanta, da yake sun fi wurin yawa sai aka ɗora wasu kan wasu, kamar yadda ake ɗora yaro a cinya, har suka kusa taɓa rufi. Na ce a ba ni igiya. Daga inda nake na zura ta ta ƙarƙashin kujerar, na zagaye ƙafafunta na ƙarfe, aka ɗora ta kan buhunan aka dawo mini da ita, na yi ɗaurin mahaifina, wanda in an ja shi ƙara ƙulluwa yake yi. Abba ya ce ɗaurin na mene ne kuma. Na ce haka ake yi.

Muka hau titi, Abba yana tuƙi, Sanusi a gefensa yana ta zuba. Ba na ganinsu sai ta wata 'yar kafa tsakanin Hajiya da rufin mota. Muka haye gada muka miƙa, muka saki kwalta muka shiga hanyar ƙasa mai ramuka. Ga rahoton kwamiti, don wanda zai sayi irinta nan gaba: gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. Sanyin da ake ta yabo a gaba, kafin ya ƙetare buhuna ya iso wurina ya zama labari. Kowane rami na gaba su ji shi sau ɗaya, ni in ji shi sau biyu, har hulata ta gaji da faɗuwa na cusa ta a aljihu. Na yi magana ba a ji ni ba sai da na ɗaga murya. Amma gaskiya motar ta ja. Ba ta yi nishi ba, ba ta karkace ba, birkinta ya kama da duk nauyin nan. Har na fara jin kunyar tsorona. Na dafa buhun Nana na ce mata to amarya, da alama kin yi mota.

Saura mu mayar wa mutane yashinsu. Da muka dawo bakin kogi na lura, ta ɗan gilashin nan, cewa ruwan ya matso. Inda muka tsaya da safe yanzu ya jiƙe, ruwan ya yi ja, yana ɗauke da ciyayi da karare, alamar an yi ruwa mai yawa can sama. Ɗan mai fito ba ya rasa gane wannan. Na ce Abba ya tsaya daga nan sama. Ban sani ba ko bai ji ba ne, ko muryar Sanusi ce ta danne tawa, don a lokacin yana cewa a ƙara gaba kaɗan Abba ya ga yadda take taka yashi, ai nan ne ake gane jif ta gaske. Muka gangara. Ta taka yashin kuwa. Da aka zo juyawa wurin ya yi ƙunci saboda wata tifa da ke lodi, Abba ya sa ribas, ya ja baya, ya ƙara ja. Sai na ji ƙasa ta saki a ƙarƙashina, a hankali, kamar an zare mini tabarma. Bayan motar ya zauna. Abba ya taka mai, tayoyin suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami, kowane juyi muna ƙara nitsewa ta baya, hancinta yana ɗagawa sama. Ruwan ya riga ya cinye gaɓar ta ƙasa, saman ne kawai ya rage kamar busasshe.

Abu na farko da na ji shi ne sanyi a dugadugaina. Na duba, ruwa ne yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofar but da ke bayana, ja, ba gaggawa, yana lasar takalmina.

Sanusi ya ce a kashe inji kada ya sha ruwa. Aka kashe. Suka fita su biyu, ƙofofinsu suna sama a kan busasshiyar ƙasa. Abba ya zagayo baya, ruwa har cinyarsa, yana danna maɓallin but. But ɗin na lantarki ne, ya yi wani ɗan ƙara ya yi shiru. Na juya na laluba ta ciki, babu hannu, babu komai, roba ce sumul. Suka buɗe ƙofar tsakiya suka kama ƙarfen nan da ake ja kujera ta durƙusa. Ina za ta durƙusa, Hajiya da surukarta da 'yan mata biyu suna zaune a kai? Suka kama buhun farko suka ja. Igiyar ta riƙe. Suka ƙara ja da ƙarfi, ɗaurin mahaifina ya yi abin da aka san shi da shi. Ƙullin yana ta wajena, can ƙasa, ruwa ya riga ya rufe shi. Na sa hannu ina laluba, igiyar ta sha ruwa ta kumbura, yatsuna na tsoho suna zamewa a kanta.

"Baba, kwance igiyar," in ji Abba ta 'yar kafar nan. Idonsa kawai nake gani.

"Ba ta kwantuwa."

"To hauro ta sama."

"Ta ina, Abba? Ko kaina ba zai wuce ba."

Ya tambayi Sanusi wuƙa, babu. Ya tambayi masu yashi, sai shebur. Na ji yana kiran a nemo wuƙa, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro in ya yi mafarki. Wani ya ruga wajen masunta can ƙasa. Motar ta sake zama, ta karkata hagu. Ruwa ya hau kan kujerar da nake, ya ratsa wandona, ya kai cibiya. A cikin motar babu ƙarar komai sai wani ɗan ƙulu-ƙulu da ruwan yake yi yana cika aljihunan ƙofa. A waje kuwa mutane sun taru, ina ganinsu ta ɗan gilashin, bakuna suna buɗewa suna rufewa, hannuwa suna nuna ni, ban jin ko ɗaya. Na buga gilashin da tafin hannu. Sai da na buga na tuna wanda na ga ya yi haka da safe.

Na waiwaya hagu. Buhun Khalifa yana gefen da ya fi nitsewa, ruwa ya kai masa wuya, inda aka ɗaure bakinsa. Na Nana ya jiƙe ya yi baƙi har rabi. Ku yi dariya in kun ga dama, na san yashi ne, ni na sa aka zuba shi. Amma ni na raɗa musu suna da bakina, kuma a wannan lokacin babu wani yashi a motar nan. Na kamo Nana na ɗora ta a cinyata, ta yi nauyi ninki saboda ruwa. Na miƙa hannu ɗaya in jawo Khalifa, na kama bakin buhun, na ja, bai motsa ba. Na sake ja har wani abu ya yi ƙara a kafaɗata. In zan ɗago shi sai na sake ta, in na sake ta za ta koma cikin ruwa. Ina riƙe da bakin buhun ina kallo ruwan ya rufe shi, ya rufe hannuna. Khalifa, in kana karanta wannan, kada ka riƙe ni a zuciya. Nata ne ya fi kusa, ba wani abu ba.

Na yi kalmar shahada. Na ɗaga Nana zuwa ƙirjina, ruwan ya biyo mu. Ba zan ce muku ga tsawon lokacin da aka ɗauka ba, Abba yana cewa bai kai a sha shayi ba, ni kuwa na san na tsufa a wurin. Na ga Abba ya ɗaga shebur zai fasa gilashin, Sanusi ya riƙe masa hannu yana roƙo, Abba ya ture shi ya faɗa ruwa. Na girgiza masa kai, don ko ya fasa, kafaɗata ɗaya ba za ta fita ta nan ba. Sai ga wani masunci da wuƙar gyaran kifi. Aka yanke igiyar. Masu yashi suka yi layi suna fizgo buhunan suna jefarwa, na ji wani yana cewa wannan ta fi nauyi, wani ya ce ai ita ce Hajiyar. Kujerar ta durƙusa. Hannuwa suka kama ni ta hammata suka ja, suka ce in saki buhun in taimaki kaina. Ban saki ba. Haka aka fito da ni, aka zaunar da ni a kan yashi, rigata tana zuba, ina rungume da rabin buhu. Wannan ɓangaren na labarinku gaskiya ne. Batun kuka kuwa, ruwan kogi ne a fuskata, kuma ba wanda ya ɗanɗana balle ya ƙaryata ni.

Tifar nan ce ta ja motar da sarƙa ta fito da ita. Da aka buɗe but ɗin daga baya da ƙarfe, buhun Khalifa yana nan a kusurwarsa. Abba ne ya ɗauko shi. Na ga ya tsaya da shi a hannu ya daɗe kafin ya ajiye.

Motar ta yi kwanaki a gareji ana shanya ta. Injin bai sha ruwa ba, wayoyin baya ne aka canja. Maganar fasa ciniki ba ta ma taso ba, ba a mayar wa mutum motarsa bayan an yi mata wanka a kogi, kuma Sanusi ya zo gidan nan da dattawa biyu don kada a manta da haka. Abin da ya rage shi ne wa zai zauna a baya. Abba ya same ni a zaure bayan la'asar, kafaɗata a ɗaure. Ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da abin da ke ransa. Ya ce motar ba ta da laifi. Buhuna ne suka tare hanya, igiya ce ta riƙe buhuna, kuma ya san wanda ya ɗaura igiyar. Mutane ba buhuna ba ne, in wani abu ya faru za su buɗe ƙofa su fita, a ja kujera yara su fito.

Na ce masa haka ne, in sun iya fita.

"Abba, ka taɓa ɗaga wanda ya suma? Ni na ɗaga, a bakin kogin nan, ina saurayi. Ya fi buhu nauyi, kuma shi ma ba ya taimakonka. Ranar da mota za ta faɗi a hanyar Lajawa, Allah ya kiyaye, uwarka da matarka suna kan kujerar nan ɗaure da bel. In suna cikin hayyacinsu, alhamdu lillahi. In ba sa ciki fa? Wa zai ja ƙarfen? Nana?"

Can ya ce to in haka ne sai a bar layin bayan babu kowa, a koma rarrabuwa kamar da, motar ta zama ta banza. Hajiya tana jin mu daga bakin ƙofa. Na ga fuskarta, na kuma san shekarun da ta yi tana jiran shiga garinsu da mutanenta a bayanta. Sai na ji bakina yana yanke hukuncin da ban shawarci gwiwoyina a kai ba. Na ce yara za su zauna a tsakiya, kusa da ƙofa, ko a cinya ne. Baya kuwa ni zan zauna, ni da kulolin abinci. Wanda ya riga ya ci zamaninsa shi ya dace da wurin da ba ƙofa.

Hajiya ta ce, "Malam, kai da ko lif ɗin asibiti ba ka shiga?"

Na ce ai shi ya sa, na saba da tsoro, yara ba su saba ba.

Haka aka yi. Ranar da muka fara shiga Lajawa a cikinta dangin Hajiya suka fito har bakin hanya, tana gaba tana ɗaga musu hannu kamar matar gwamna. Ba wanda ya lura da maigidan sai da aka gama sauke kuloli aka same ni a bayansu. Tun daga ranar kuka sa wa wurin suna fadar Baba, kuna cewa ina son sa ne don in yi barci ba mai damuna. Ban taɓa runtsawa a wurin nan ba. Duk sanda kujerar tsakiya ta yi ƙas ta kulle, sai in ji sanyi a dugadugaina, ko da rani ne. In za mu haye gada ina rufe ido, carbin da kuke ji yana ƙara ba na neman lada ba ne kawai. A aljihuna na dama akwai 'yar wuƙa, a na hagu akwai ƙaramar guduma da na saya wurin maƙera, kuna tsammanin goro ne ya kumbura aljihun. Shekara da shekaru ina shiga wurin nan kamar mai shiga kabari da ƙafarsa, in fito in yi muku wasa. Abin da nake kallo duk tafiyar shi ne ƙeyoyinku a gabana, kowa da ƙofa a gefensa.

Bara da Babbar Salla gwiwoyin suka ce sun gama aiki. An durƙusar da kujera, kowa yana tsaye yana jira, na ɗaga ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Na sake gwadawa, na riƙe ƙofa, gumi ya keto mini. Gidan kuwa ya ƙaru, Abba ya samu auta, ɗan shekara uku, ga wuri ya yi kaɗan. Sai na ji wata a cikin 'yan matan tana cewa to a sa auta da Nana a baya mana, Baba ya zauna gaba ya huta. Har ta ɗaga yaron. Na buɗe baki, amma numfashina bai dawo ba tukuna, maganar ta ƙi fita.

Abba ya karɓi yaron daga hannunta ya ajiye shi a tsakiya. Ya zaro makulli ya miƙa wa matarsa, wadda ta daɗe da iya tuƙi. Ya cire hularsa, ya tattare rigarsa ta Salla, mutum mai furfura a gemu da ofis a Kano, ya durƙusa ya shige baya ya zauna tsakanin kuloli. Kafin a mayar da kujerar ya miƙo mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na ɗan tsaya, sannan na gane. Na zaro wuƙar da gudumar na sa masa a tafi. Ban san tun yaushe ya sani ba.

Aka zaunar da ni a gaba, Hajiya ta koma tsakiya tana mita. Ashe sanyin nan da ake faɗa gaskiya ne, har sai da na ce a rage. Da muka hau gada na leƙa madubi, na hango shi can ƙarshe, gwiwoyinsa a haɓarsa, idonsa a kan ruwa. Na ɗaga murya yadda zai ji na ce, Abba, yaya bayan?

Ya ce lafiya lau, Baba, akwai daɗi.

Ƙarya yake yi. Na san wurin.